Yadda ƙungiyar Kirista za ta shirya tafiyar bishara ta 'yan makonni zuwa ƙasa matalauciya

Tafiyar bishara ta mako biyu ko uku tana farawa ne da gayyata daga can. Idan babu wata ikilisiya ko ƙungiya a ƙasar da kuke son zuwa da ta ce ku zo, ta kuma faɗi abin da take so ku yi, to a jingine maganar tikiti tukuna. Ku za ku kwana goma sha huɗu ku tafi, su kuwa za su zauna da duk abin da kuka bari, mai daɗi da marar daɗi. Saboda haka su ne masu aikin, ku 'yan taya aiki ne, kuma kowane mataki na shirin daga nan yake tasowa.

Magana da masu masauki

A fara wannan magana aƙalla wata tara kafin tafiya. A tambaye su wane aiki suka riga suka soma da hannunsu, wane ɓangare ne ya gagare su, mutum nawa za su iya sauka ba tare da sun takura ba, kuma wane wata ne ya fi musu sauƙi. Tambayar lokaci tana da nauyi fiye da yadda ake zato. Ƙungiyoyi kan zaɓi lokacin hutunsu, sai ya faɗa tsakiyar damina da hanyoyi suka yanke, ko lokacin girbi da kowa ke gona, ko makon jarrabawar yara.

Ku sani cewa fasto a ƙasa matalauciya da wuya ya ce wa baƙi masu kawo taimako kada su zo. Kunya za ta hana shi, da tsoron kada zumuncin ya yanke. Don haka a yi tambayar ta hanyar da za ta ba shi damar faɗin gaskiya. A kawo masa ayyuka uku ya zaɓa. A tambaye shi abin da baƙin da suka zo a baya suka yi wanda ya jawo wahala bayan tafiyarsu. A kuma yi masa tambayar da ta fi kowace wuya: da za mu aiko muku da kuɗin tikitinmu mu zauna gida, me za ku yi da shi? Wani lokaci amsarsa takan rage ƙungiyar daga mutum ashirin zuwa shida, sauran kuɗin ya tafi ga aikin. Wannan ba faɗuwa ba ce.

Abin da aka amince a kai a rubuta shi a takarda ɗaya: aikin, ranakun, wanda zai biya me, da wanda zai riƙe aikin bayan kun tafi.

Aikin da ya dace da baƙon 'yan kwanaki

Gini da fenti su ne aikin da ƙungiyoyi suka fi so, domin ana ganin sakamakonsu a hoto. Amma a kowane gari akwai magina da kafintoci da leburori masu neman aikin yini. In kuka zo da mutum goma sha biyu da ba su taɓa riƙe cokalin gini ba kuka ɗora bulo kyauta, kun hana waɗannan mutane abincin mako biyu, kuma sau da yawa bangon sai an gyara shi. In gini ne buƙatar, a ɗauki maginin garin ya zama shugaban aiki, a biya shi da yaransa ladan da aka saba biya a wurin, a sayi siminti da katako da kwano a kasuwar ƙasar, ku kuma ku kwaɓa, ku ɗauko, ku miƙa.

Duk abin da ke da inji, kamar famfon rijiyar burtsatse ko janareta ko na'urar hasken rana, a yi masa tambaya uku kafin a kafa shi: ana sayar da kayan gyaransa a kusa, akwai wanda ya iya gyaran, kuma daga ina kuɗin gyaran zai fito. Famfo yana da robobi da bawul da ke cinyewa da amfani. In an kawo samfurin da babu irinsa a ƙasar, ranar da roba ɗaya ta mutu ruwan ya ƙare ke nan.

A ɓangaren lafiya ƙa'idar a fili take. Abin da ba ka da lasisin yinsa a ƙasarka, kada ka yi shi a ƙasar wani. Ɗalibin likitanci ba ya cire haƙori ko ɗinke rauni don kawai marar lafiyar talaka ne. Likitoci da ma'aikatan jinya ma kan buƙaci rajistar wucin gadi daga hukumar da ke kula da sana'arsu a ƙasar, kuma takardun na iya cin watanni. Asibitin tafi-da-gidanka na kwana uku yana da nasa haɗarin: a ba mai hawan jini maganin wata ɗaya, ya ƙare, babu mai sake auna shi. Ya fi kyau ku yi aiki a cikin asibitin da ke wurin, ƙarƙashin ma'aikatansa, masu riƙe da katin marasa lafiya. In za a kai gudummawar magunguna, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce su zama waɗanda masu karɓa suka nema, su kuma kasance da sauran aƙalla shekara ɗaya kafin wa'adinsu ya ƙare a ranar da suka isa. A nemi izinin shigo da su tun daga gida, in ba haka ba za su tsaya a hannun kwastam.

Abin da ya fi dawwama shi ne koyarwa: horar da malaman makarantar Lahadi, koya wa ma'ajin ikilisiya rubuta lissafi, zama da ma'aikatan jinya a kan wata dabara ɗaya har su iya ta.

Zaɓen mutane da horonsu

Mutum takwas zuwa goma sha biyu sun isa ga yawancin masu masauki, domin mota ɗaya ko biyu za ta kwashe su. A sa shugaba ɗaya da mataimaki, ma'aji, da mai kula da lafiya. Kowa ya cike takardar da ke nuna ciwon da yake da shi, maganin da yake sha, abin da jikinsa ba ya karɓa, da wanda za a kira in wani abu ya faru. Wanda ya ƙi zuwa zaman horo kada a tafi da shi, ko da ya biya kuɗinsa cif. Mutumin da ba ya bin magana a gida ba zai bi ta ba a inda gajiya da zafi suka haɗu.

A yi zama shida zuwa takwas kafin tafiya. A koyi gaisuwa, godiya, ban haƙuri da ƙirga a harshen mutanen. A karanta tarihin ƙasar da na ikilisiyarta, domin a wurare da dama bishara ta riga ku isa da shekaru ɗari ko fiye, kuma za ku tarar da masu bi da suka sha wuya saboda bangaskiyarsu. A yi addu'a tare. Ikilisiyar Antakiya ta yi azumi da addu'a ta ɗora wa Barnaba da Shawulu hannu kafin ta sallame su, kamar yadda yake a Ayyukan Manzanni sura 13. Haka ya kamata ikilisiyarku ta aike ku a gaban jama'a, don ku san akwai waɗanda za ku dawo ku ba wa bayani.

Kuɗi

A lissafa tikiti, biza, allurai, inshora, masauki, abinci, mota da mai, kayan aiki, sannan a ƙara kashi goma cikin ɗari na ko-ta-kwana. Abin da ake yawan mantawa shi ne ɗawainiyar masu masauki: ladan tafinta, direba da masu dafa abinci, man da fasto ya ƙona yana zirga-zirgar shiri, kuɗin waya. In ba ku sa su a kasafi ba, za su fito daga aljihun mutanen da kuka ce kun je taimaka wa, kuma ba za su faɗa muku ba.

Mutum biyu ne za su sa hannu a kan duk kuɗin da ya fita, a ajiye rasit, a rubuta a littafi kowane dare. Bulus kansa bai yarda ya ɗauki gudummawar ikilisiyoyi shi kaɗai ba, ya tafi da 'yan'uwan da aka zaɓa don kada a sami abin zargi, kamar yadda ya bayyana a 2 Korintiyawa sura 8. A raba tsabar kuɗi tsakanin mutum uku ko huɗu. In dala za a riƙe, a nemi sababbin takardu marasa yagewa, domin masu canji a ƙasashe da yawa ba sa karɓar tsofaffi. A sanar da banki kafin tafiya don kada ya rufe katin.

Takardu da doka

Ƙasashe da yawa suna so fasfo ya kasance da sauran wata shida, da shafi biyu da ba a buga musu hatimi ba. A duba fasfon kowa a zaman farko. A nemi irin bizar da ta dace da aikin, da wasiƙar gayyata mai sunan kowa daidai yadda yake a fasfo. Kada a shiga da bizar yawon buɗe ido a yi aikin da ba ta yarda da shi ba, kuma kada a koya wa kowa yi wa jami'in shige da fice ƙarya.

Wasu ƙasashe suna da dokar da ta shafi wa'azi. A Nepal dokar laifuffuka da ta fara aiki a 2018 ta haramta juyar da mutum zuwa wani addini, jihohi da dama a Indiya ma suna da dokoki makamantanta. Baƙon da ya karya irin wannan doka yawanci korarsa ake yi, amma faston da ya gayyace shi ne zai zauna da shari'a. Inda za a yi wa'azi, da yadda za a yi, da ko za a raba takardu, duk shawarar masu masauki ce.

A yi hoton fasfo, biza da katin rigakafi, kwafi ɗaya a hannun shugaba, ɗaya a gida. A sayi inshorar da ta haɗa da ɗauke marar lafiya ta jirgi, a karanta a tabbata ta shafi aikin hannu kamar gini, domin wasu ba sa biya in mutum ya faɗo daga tsani.

Lafiya

Kowa ya ga likita mako shida zuwa takwas kafin tafiya. Allurar cutar shawara takardarta ba ta fara aiki sai bayan kwana 10 da yin ta, kuma tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Akwai ƙasashen da ba a shiga sai da wannan kati. A duba rigakafin taifot, ciwon hanta nau'in A da B, ƙyanda, shan inna, da na sarƙewar haƙora wanda ake sabuntawa duk shekara 10. Na ciwon hanta nau'in B allura uku ce a cikin wata shida bisa tsarin da aka saba, shi ya sa ake fara shiri da wuri. Masu zuwa yankin sanƙarau, wanda ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha, su yi allurarsa, musamman a lokacin rani.

Maganin kariya daga zazzabin cizon sauro likita ne zai zaɓa wa kowa, domin kowanne da sharaɗinsa. Malarone ana fara shi kwana ɗaya ko biyu kafin isa, a sha kullum, a ci gaba kwana 7 bayan fitowa. Doksisaikilin ma kullum ne, amma sai an ci gaba mako 4 bayan dawowa, yana sa rana ta ƙona fata da sauri, kuma ba a ba mai ciki ko yaro ƙasa da shekara 8. Meflokwin sau ɗaya ne a mako, ana fara shi aƙalla mako 2 kafin tafiya, kuma bai dace da mai farfaɗiya ko mai tarihin ciwon damuwa ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne daina sha ranar da aka sauka gida, alhali ƙwayar cutar na iya kasancewa a jiki. Wanda ya girma a inda cutar take amma ya daɗe da barin wurin kada ya dogara da tsohuwar garkuwarsa, tana raguwa. A haɗa da gidan sauro mai magani, man shafawa na korar sauro mai sinadarin DEET kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, da riga mai dogon hannu daga faɗuwar rana.

Gudawa ce za ta fi kwantar da mutanenku. Ruwan sha ya zama na kwalba mai hatimi, ko wanda ya tafasa sosai na minti 1, ko minti 3 a kan tsaunukan da suka haura mita 2,000. Ƙanƙara da ruwan wanke baki ma ruwa ne. A riƙe fakitin ruwan gishiri da sukari da yawa. In ya ƙare, a haɗa lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe ba a tula ba, domin gishirin da ya yi yawa yana da haɗari. Gudawa mai jini ko mai zazzaɓi ba ta maganin tsayar da ciki ba ce, ta asibiti ce.

A nan akwai wuri mai wuya. Yesu ya ce wa waɗanda ya aika su ci abin da aka ajiye a gabansu, a Luka sura 10, kuma ƙin abincin mai gida yana ɓata zumunci. Mafita ita ce a yi magana da masu masauki tun kafin zuwa. Dafaffen abinci mai zafi a ci da godiya. Ɗanyen ganye da 'ya'yan itacen da ba a ɓare ba, mai masaukin da aka yi wa bayani shi da kansa zai kare ku daga su ba tare da an kunyata kowa ba.

Kada a yi wanka ko iyo a tafki ko rafi a yankunan da ake da tsargiya, domin tsutsarta ta fata take shiga. Kada a taɓa kare, kyanwa ko biri. In an yi cizo ko yakushi, a wanke da sabulu da ruwa na minti 15, a nufi asibiti ranar, domin cutar haukan kare in ta bayyana kusan ba a tsira. Mai shan magani kullum ya riƙe wanda zai ishe shi har da ƙarin mako ɗaya, a kwalinsa na asali, a jakar hannu, da takardar likita. Kodin da tiramadol na iya jawo kamu a wasu ƙasashe.

Hanya

Mutane kan ji tsoron cuta da 'yan fashi, amma hatsarin mota na cikin manyan abubuwan da ke kashe matafiya masu lafiya. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya kowace shekara, fiye da kashi 90 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. A kafa doka tun daga gida: ba tafiyar dare tsakanin garuruwa, ba hawa bayan a-kori-kura, ba babur sai da hular kwano, kuma kowa ya ɗaura bel. Direban da masu masauki suka sani shi zai tuƙa, a duba taya da birki, a ba shi lokacin barci. A san asibiti mafi kusa mai ɗakin tiyata, da awa nawa ne zuwa can.

Kayan sawa a tambayi masu masauki, musamman na shiga sujada. Batirin cajin waya a jakar hannu yake tafiya, ba a cikin akwatin da ake aunawa ba. A duba ƙarfin wutar ƙasar, 110 ne ko 220, kafin a jona wani abu.

Yara, hotuna da kyauta

Duk wanda zai yi aiki da yara a bincika tarihinsa, ya kuma sa hannu a ƙa'ida: babba ba ya kaɗaita da yaro, ba ya shigar da shi ɗakin kwanansa, ba ya karɓar lambar wayarsa. Ziyarar gidan marayu a yi mata dogon tunani. Yawancin yaran da ke irin waɗannan gidaje suna da uwa ko uba a raye, talauci ne ya raba su, kuma kuɗin baƙi ya sa wasu masu gidajen suna tara yara don a zo a gani. Yaron da ya saba da baƙo mako biyu aka tafi aka bar shi, sannan wani ya zo ya tafi, yana cutuwa. Bayan girgizar ƙasar Haiti a 2010 an kama Amurkawa goma 'yan wata ƙungiyar coci suna ƙoƙarin fitar da yara 33 daga ƙasar ba da takardu ba, daga baya aka gano yawancin yaran suna da iyaye. Taimakon da ya fi amfani shi ne wanda ke riƙe yaro a gidansu: kuɗin makaranta, jarin sana'a ga uwa, ta hannun ikilisiyar wurin.

Kada a ɗauki hoton kowa sai da izininsa, na yaro sai da izinin iyayensa. Marar lafiya a gado, tsirara, da mai kuka ba a ɗaukar su. A inda masu bi ke cikin haɗari, kada a sa suna, fuska ko sunan gari a intanet.

Kyauta kuwa ta bi ta hannun shugabannin wurin. Jefa wa yara alewa daga mota yana koya musu roƙo, yana kuma jawo su bakin taya. Ba mutum ɗaya waya a asirce yana haddasa gaba bayan kun tafi. Za a roƙe ku kuɗin makaranta, magani ko hanyar fita waje. A shirya amsa ɗaya ta gaskiya: zan kai maganar ga shugabanmu da fastonku. Kalmar "zan duba" a kunnen mai buƙata alkawari ce.

Magana ta bakin tafinta

A ba tafinta nassin da za a karanta da jigon saƙon tun daren jiya. A yi gajerun jimloli, a tsaya ya gama. Minti ashirin na wa'azi minti arba'in ne da fassara. A bar barkwanci da misalan da sai ɗan ƙasarku zai gane. Kada a haɗa rabon kaya da kiran tuba a zama ɗaya, domin mai yunwa zai ɗaga hannu don ya samu, kuma adadin da za ku kai gida ba zai zama gaskiya ba. Duk wanda ya nuna sha'awa a haɗa shi da ikilisiyar wurin tun kuna nan.

Bayan dawowa

Kafin ku taso, a zauna da masu masauki a tambaye su abin da ya yi musu nauyi, a biya duk bashin da ya rage. A gida a ƙarasa maganin kariya daga zazzabin cizon sauro, kuma duk wanda ya yi zazzaɓi cikin shekara guda, musamman watanni ukun farko, ya je gwaji ranar, ya faɗa wa likita ƙasar da ya je. A yi zaman ƙungiya cikin mako biyu, domin wasu kan dawo da fushi ko baƙin ciki ganin yalwar gida bayan abin da suka gani. A ba ikilisiya da masu gudummawa rahoton kuɗi da na aiki cikin wata ɗaya, a ambaci abin da mutanen wurin suka yi da kansu. A naɗa mutum ɗaya da zai riƙa tuntuɓar masu masauki, ya kira bayan wata uku da bayan wata shida ya ji ko famfon na aiki, ko malaman da aka horar suna koyarwa, da abin da aka yi alkawari ba a aika ba tukuna.